Yadda ake bin diddigin asalin gidanku, daga ɗakin kaka har zuwa laburare

Abin da ya jefa ni cikin wannan harkar wani zaman makoki ne a ƙauyenmu can ƙasar Ringim. Wani yaro ɗan sakandare ya dubi baffanmu ya ce Baffa wai waye kakan kakanmu, kuma daga ina muka zo? Zaure cike da dattawa amma aka yi tsit. Can wani ya ce daga gabas, wani ya ce a'a daga Damagaram ne, sai wani tsoho da ke bakin ƙofa ya ce ai wadda ta san wannan ita muka kai jiya. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, tun daga ranar na sayi littafi mai bango mai kauri na fara bi, to ga yadda na ga aikin yana tafiya, ko wani zai huta da wahalar da na sha.

Farkon abu dai kada ka fara da laburare. Na san ɗan boko zai so ya hau mota ya tafi Kano ko Kaduna ya ce a ba shi takardu, to in ka je ba ka da sunan kakanka na yanka, ba ka san sunan tsohon garin da suka taso ba, ba ka san wane hakimi ke mulkinsu lokacin ba, babu ma'aikacin da zai iya taimakonka komai kirkinsa. Takarda za ta jira ka, tsoho kuwa ba zai jira ba. Don haka ka zauna yau ka rubuta duk wanda ya haura saba'in a danginku na uwa da na uba, ka fara da wanda ya fi tsufa ko wanda jikinsa ya fi rauni.

Kuma ka fara da mata. Maza sukan riƙe sunan uba da kaka da labarin sarauta da gona, amma wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce aka kawo daga wane gari, wa aka haifa shekarar da rumbu ya ƙone, wannan duk yana wajen gwaggo da iya da inna. Ka je da hantsi bayan an karya, ko bayan la'asar, ka riƙe ɗan goro ko sabulu ko turare, ba biya ba ne, girmamawa ce. Ka gaisa sosai, kada ka zauna kana zaro biro kamar mai ƙidaya, tsofaffinmu har yanzu suna tsoron mai rubuta suna saboda abin da suka gani zamanin haraji. Ka ce Gwaggo so nake yaranmu su san mutanensu su riƙa yi musu addu'a, in kin yarda zan ɗauki muryarki a waya don kada na manta. In ta ce a'a ka haƙura ka saurara, kana fita ka tsaya a zaure ka rubuta kafin ya gudu. Kuma mutum ɗaya ɗaya, in ka tara su babban cikinsu ne kaɗai zai yi magana saura su yi ta gyaɗa kai ko da sun san ba haka ba ne.

Tambayar ma akwai yadda ake yinta. In ka ce ba ni tarihin gidanmu za a ba ka jimla biyu a rufe. Ka tambayi ƙananan abubuwa. Wace sana'a ake yi a gidan, saƙa ko rini ko ƙira ko fatauci ko allo? Wace irin aska ce a fuskar kakanmu, bille ne ko kalangu ko irin zanen Barebari? Su waye abokan wasanmu, don in ka ji gidanku na wasa da Barebari to akwai jinin Fulani a kusa, kamar yadda Bakano ke wasa da Bazazzagi. Ina tsohuwar rijiyar gidan, ina maƙabartar da, wane gari ake zuwa biki ko gaisuwar mutuwa duk nisansa? Wannan ta ƙarshen ita ta buɗe min hanya, don na gano tsofaffinmu suna tafiya har wani ƙauye a ƙasar Gumel duk lokacin da aka yi rasuwa, kuma babu wanda ya taɓa tambayar me ya haɗa mu.

Sai rikicin suna, a nan mutane da yawa suke ɓata. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na surukinta ko na ɗan farinta ba, kada ka matsa mata, ka tambayi ƙanwarta ko ka ce Iya sunan wane yaro a gidan nan ya ci, za ta nuna maka. Sannan mutum ɗaya yana iya zama da suna uku, na yanka da na kakanni da na sana'a. Audu shi ne Abdullahi, Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne, Sanda Umaru ne, Shehu da Mani Usman ne, Iro Ibrahim, Indo A'isha, Dije Hadiza, Abu kuma in mace ce Zainabu. Tanko da Gambo da Ɗanladi da Ɗanjuma kuwa ba su gaya maka sunan yanka ba sam, sun dai gaya maka yadda aka haife shi. Ni na yi wata shida ina lissafa mutum biyu a littafina ashe mutum ɗaya ne, dangin uwarsa na kiransa da wani suna, na ubansa da wani. Ka kuma kula da riƙo. Yaro ya tashi a gidan kawunsa ko baffansa har a sa masa sunan mai riƙon a makaranta, to kullum ka tambaya a hankali, shi ya haife shi ko riƙonsa ya yi?

Mataki na gaba shi ne sa wa labarin shekaru. Tsoho ba zai ce maka 1927 ba, zai ce shekarar kaza, kai ne za ka juya ta zuwa lamba. Ka rubuta waɗannan a bangon littafinka. Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta fara 1893, kuma ta watsa mutane da yawa daga garuruwansu. Turawa sun shiga Kano a Fabrairun 1903 zamanin Sarki Alu, yaƙinsu da Haɗeja kuma 1906. Jirgin ƙasa ya iso Kano 1911, layin da ya bi ta Ringim ya kai Nguru wajen 1930. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, annobar mura da ake kira marisuwa 1918, yunwar 'Yan Buhu 1927, yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniya 1956, mulkin kai 1960, kashe su Sardauna 1966, canjin hannu 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973, shekarar UPE, wato shirin firamare kyauta ga kowa, 1976. Sarakunan Kano ma ma'auni ne mai kyau, Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963, sai Inuwa na 'yan watanni, sai Ado Bayero. In gwaggo ta ce an yi min aure shekarar da Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, ya rasu, ina da sha huɗu ko sha biyar, ka ga ka samu auren 1953, haihuwarta kuma wajen 1938 ko 1939. Ka sa kalmar wajen a gaban duk shekarar da ka fitar da lissafi irin wannan, kada ka rubuta ta kamar ka gan ta a takarda.

Daga nan sai takardun cikin gida. Kowa zai ce maka babu, amma akwai. Ka roƙi a buɗe tsohuwar adaka da gafakar malam da ƙasan gadon tsohuwa. Abin da kake nema, rasit ɗin haraji da na jangali, takardar cinikin gona ko ta jingina, takardar rabon gado, tsohon fasfon Makka, katin En'e (hukumar gargajiya ta da), takardar sallama ta soja ko ta reluwe, da wasiƙun ajami na 'yan ci-rani. Rasit ɗin haraji ƙaramar takarda ce amma tana ɗauke da suna da gari da shekara. In gidan malamai ne ka duba farko da ƙarshen Alƙur'ani rubutun hannu da sauran littattafai, marubuci yakan sa sunansa da na mahaifinsa a ƙarshe, wasu kuma suna rubuta haihuwa da rasuwa a gefen takarda. Wanda na gani a gidan kawuna warƙa ce guda da gara ta ci gefenta, tawadar ta koma ja ja, layi bakwai ne kacal, kowane layi an haifi wane ranar kaza ga watan kaza. Kawu ya riƙe ta da hannu biyu bai yarda na taɓa ba, ni kuma na ɗauki hoto sau uku a bakin ƙofa inda haske yake. Haka ya kamata, kada ka ce a ba ka aro, kada ka manna salatif, kada ka kai a yi mata laminatin, hoto kawai ka mayar inda take. In shekarar Hijira ce a jiki, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, misali 1320 za ta ba ka wajen 1902. In ba ka iya karanta ajamin ko larabcin ba ka kai wa tsohon alaramma, ba matashin da ya yi islamiyya kaɗai ba, don rubutun warash na da sai wanda ya saba.

Sai ka fita waje cikin gari. Mai unguwa, ko bulama in ƙasar Haɗeja ko Gumel ce, sannan dagaci, sannan hakimi, ka bi su a jere kada ka tsallake, in ka tsallake ƙarami ka je wa babba to ƙaramin ya rufe maka ƙofa kenan. Ka ce ranka ya daɗe na zo neman sanin jerin waɗanda suka riƙe garin nan da kuma lokacin da mutanenmu suka sauka. Kusan kowane dagaci yana da jerin magabatansa ko a ka ko a takarda, in aka ce kakanku ya zo zamanin dagaci na huɗu ka ga ka samu wani ma'aunin. Limamin gari da tsohon wanzami da sarkin makaɗa kada ka raina su, wanzami ya san askar kowane gida, maroƙi kuma yana jero iyaye da kakanni a kirari, sai dai ka tuna shi aikinsa yabo ne. Ka leƙa tsohuwar firamaren yankinku ka gaida hedimasta ka roƙi ganin rajistar shiga ta farko, tana da sunan yaro da na uba da unguwa. Kotun yanki ma wani lokacin tana da tsofaffin littattafan rabon gado, kuma babu takardar da ta kai ta gado amfani, don tana jero mata da 'ya'ya duka har da matan da babu inda ake rubuta su. In an nuna maka kufan da aka taso ka je ka gani da idonka, kukoki da karofi da tsohuwar ganuwa suna tabbatar da abin da baki ya faɗa.

Yanzu ka isa neman littattafan tarihin gari. Suna da yawa fiye da yadda ake zato, sai dai ba a kanti suke ba. Akwai ƙananan littattafai da ake bugawa lokacin naɗin hakimi ko cikarsa shekaru a gadon sarauta, akwai waɗanda ƙungiyoyin ci gaban gari ke bugawa su ƙaddamar, akwai na tsofaffin malaman makaranta da suka yi ritaya suka rubuta tarihin garinsu aka buga kwafi kaɗan. Ka tambayi magatakardan hakimi da tsofaffin hedimastoci, a wajensu ake samu. Sai kuma furojek ɗin ɗalibai, wannan taska ce da mutane ba su sani ba. A sashen tarihi da na harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero, da kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, da ta Gumel, ɗalibai sun daɗe suna rubuta tarihin garuruwansu don kammala karatu. Ko rubutun bai yi ƙarfi ba ka juya can baya inda ɗalibin ya jera dattawan da ya yi hira da su da shekarunsu, mai yiwuwa ka ga kakanka a ciki, ko ka samu maganar wanda ya rasu shekara talatin da suka wuce.

Amma fa karanta irin waɗannan littattafan sai da lura. Yawancinsu tarihin gidan sarauta ne, an rubuta su don a faranta wa mai gari, kuma kusan duk suna farawa da wani maharbi ko wani malami da ya zo daga gabas ya sauka gindin tsamiya. Ka ɗauki sunayen unguwanni da rijiyoyi da jerin masu sarauta da labarin ƙaura, waɗannan sukan yi daidai, shekarun da aka sa wa abin da ya wuce zuwan Turawa kuwa ka riƙe su da sassauci. In littattafai uku sun faɗi abu ɗaya kada ka ce shaida uku ce, ka duba ko na biyu da na uku kwafar na farko suka yi, don hakan na yawan faruwa har da kuskuren bugu. Manyan littattafai irin su Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda har Muhammadu Bello kuma wani Bature mai suna Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, ba za ka ga sunan kakanka talaka a ciki ba, amfaninsu su nuna maka me ke faruwa a ƙasa lokacin da mutanenku suka yi ƙaura.

To sai laburare da gidajen ajiyar takardu. A Kano akwai laburaren Murtala Muhammad a titin Ahmadu Bello, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha mai kula da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, da laburaren Jami'ar Bayero mai sashen rubuce-rubucen hannu na larabci da ajami, da Gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja, in kakanka ya yi NEPU. A Kaduna akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda fayilolin lardin Kano suke ƙarƙashin sunan KANOPROF. Ka tafi da katin shaida da takardar gabatarwa in kana iya samu, da fensir, da 'yan kuɗin fotokofi, ka kuma ware kwana biyu ko uku don ranar farko takan ƙare a duba jerin fayiloli. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoto.

Mutanen Jigawa ku kula da nan sosai. An ƙirƙiri jihar ranar 27 ga Agusta 1991, don haka duk wata takarda da ta girmi haka sunan Kano za ka nema. Ringim da Dutse da Birnin Kudu da Jahun da Gwaram da Babura duk gundumomi ne ƙarƙashin Sarkin Kano a lokacin, Haɗeja da Gumel da Kazaure kuwa masarautu ne masu En'e ɗinsu amma cikin lardin Kano. Sannan a farkon mulkin Turawa sau da yawa ana kiran gunduma da sarautar hakiminta ne ba da sunan gari ba, sai ka ga gundumar Makama ko ta Ɗan Iya ko ta Ciroma, shi ya sa na ce ka san wane hakimi ya mulki ƙasarku. Rubutun sunayen ma ya bambanta, za ka ga Dutsi da Gummel da Hadeija da Dambarta, don haka ka riƙa karanta sunan a bayyane ka ji ko ya yi kama da naku. Abin da za ka roƙa shi ne rahoton kimanta haraji na gundumarku da littafin bayanan gunduma da Di'o, wato Baturen mulkin yankin, ke ajiyewa. A ciki akwai jerin ƙauyuka da sunan mai gari da yawan mutane da ƙabilunsu da sana'o'i, wani lokacin har da ɗan tarihin kafuwar gari kamar yadda dattawan wancan zamanin suka faɗa wa Bature. Akwai kuma kundin lardin Kano da wani Bature mai suna Gowers ya tattara aka buga 1921, da tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya 1939. Duk abin da ka kwafa ka rubuta lambar fayil da shafi da ranar da ka gani, in ba haka ba bayan shekara kai kanka ba za ka san inda ka samo ba.

Wajen haɗa aikin ni alama uku nake sawa a gefen kowane layi, na ji daga bakin wane ranar kaza, ko na gani a takarda kaza, ko hasashena ne. Kada ka bari ukun nan su cakuɗe. In gwaggo da takarda sun saɓa ka rubuta duka biyun, Bature ma ta bakin tafinta ya ji, shi ma yana kuskure. Inda igiya ta yanke ka bar wurin a buɗe. Na ga mutane suna cike gurbin da sunan wani sarki ko wani waliyyi don a ce su ma 'yan dangi ne, wannan zalunci ne ga kakan gaskiya da ya yi noma ya ciyar har aka same ka, kuma addini ma ya yi hani mai tsanani a kan mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba.

Za ka iya cin karo da abin da ba a so a faɗa, cewa wani kaka daga rinji, wato ƙauyen bayi, ya fito ko an kamo kaka a yaƙi, ko gidan Maguzawa ne kafin su musulunta, ko wata tsohuwar rigimar gona. Wannan ba na guruf ɗin WhatsApp ba ne balle Facebook. Ka ajiye a littafinka, ka shawarci babban gida a keɓe kan abin da za a fitar, kuma kada ka bari wani ya ɗauki aikinka ya tafi da shi kotu neman gona ko neman sarauta, ka faɗa tun farko cewa zumunci ya sa ka.

In ka gama zagayen farko ka zana bishiyar a babbar takarda, maza da mata duka, ka buga kwafi ka kai kowane ɓangare na dangi, muryoyin kuma ka tura su wayar mutum biyu ko uku da imel don waya na faɗawa ruwa. Ranar sallah da aka taru na shimfiɗa tawa a tabarma a tsakar gida, wata gwaggonmu da idonta ya yi rauni ta ce a karanta mata, ana zuwa layi na biyar ta ɗaga hannu ta ce tsaya, kun manta wata, tana da 'yar'uwa da aka aurar Maigatari ba ta dawo ba. Na rubuta sunan da fensir a gefe, ranar Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu, ranar kasuwar Maigatari, zan bi motar 'yan shanu na je na tambaya.